Mutumin da Bai Taɓa Sayen Tikiti Ba

A Sabon Garin Zariya in aka ce Kyaftin, ba a tambayar wanne. Callistus Ogbonna ake nufi, dogon mutumin nan mai furfura a gefen kunne, wanda ko manja zai shiga kasuwa saye sai rigarsa ta sha guga. A nan aka haife shi, a wani ɗaki da ke bayan shagon gyaran kekuna na mahaifinsa kusa da PZ. Ibo ne gaba da baya, amma in ya juya harshe ya shiga Hausa sai ka rantse a cikin birni aka binne kakansa. Yaƙin basasa ya kwashe su zuwa gabas, yaƙi na ƙarewa suka dawo, don uban ya ce bai ga garin masu keke kamar Zariya ba. Shi kuwa ɗan ba keke ne a ransa ba. Ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi da ke kan hanyar Samaru su suka ɗauke masa hankali, ya bi su har ya shiga makarantar, ya fito matuƙi.

Shekara ashirin da uku ya yi yana jan manyan jirage. Da kamfanin da yake wa aiki ya durƙushe, bai tsaya zaman makoki ba. Ya dawo gidansa na Hanwa, ya koma makarantar da ta yaye shi ya zama malami. Wani kamfanin jirage mai zaman kansa kuma ya riƙa kiransa yana jarraba masa sababbin matuƙa, saboda haka katin shaidarsu na cikin aljihunsa. Mutum ne mai gaskiya, mai zafin rai, mai son a san ya iya. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma babu wanda ya zauna da shi na minti goma bai ji shi ba: tunda yake bai taɓa sayen tikitin jirgi ba.

Ba ƙarya yake yi ba. A ɗakin matuƙa, bayan kujerar kyaftin da ta mataimakinsa, akwai wata 'yar kujera da ake naɗewa a jikin bango. Su matuƙa jamsit suke ce mata. Ba ta da laushi, ba ta kwanciya, gwiwarka ma da ƙyar take samun wuri. Amma al'adar masu sana'ar ce in ɗan'uwansu matuƙi zai yi tafiya, ya zo ya roƙa a ba shi ita. Roƙo ne, ba umarni ba, ko da ka haifi kyaftin ɗin. Za ka nuna lasisinka da takardar likita, ka tsaya a ladabce ka jira amsa. In an ba ka, to kai ba fasinja ba ne, ƙarin idanu ne a ɗakin, in wani abu ya taso ana iya cewa kama nan. Don haka ba a hawanta da barasa a jiki. Dokar kamfanin awa goma sha biyu ce tsakanin kofin barasa da jirgi, kuma Kyaftin da kansa ya cusa ta a kan ɗalibai har suna mafarkinta. Bayan abin da ya faru a Amurka a shekarar 2001 aka ƙara tsanantawa, aka garƙame ƙofar ɗakin, jiragen da ke zuwa ƙasashen waje suka daina karɓar baƙo sai mai katin kamfani. Abokansa da yawa suka koma bin layin tikiti. Shi ko a jikinsa, yana da kati.

A kan wannan kujera ya ga duniya. Matarsa Clementina, malamar firamare, mace mai sanyin magana, ita takan je ta yanki tikitinta. In sun isa ƙofar jirgi sai ya miƙa mata jakarta, ita ta yi dama zuwa wurin fasinjoji da carbinta na Katolika a hannu, shi ya yi hagu. Kullum maganarta ɗaya ce: "Je ka wurin abokanka, sai mun sauka." Haka suka yi ta yi har ciwo ya ɗauke ta a farkon shekarar 2002. Rashinta ya girgiza shi ƙwarai, sai dai ba mutum ne mai nunawa ba, sai ya ƙara wa rigunansa sitaci ya ci gaba da zuwa aiki.

Ɗalibansa suna tsoronsa, suna kuma sonsa. Wadda ta fi shan wuya a hannunsa ita ce Keziya, 'yar wani ma'aikacin gonar bincike a Samaru. Ranar da za ta fara tashi da jirgi ita kaɗai, babu malami a gefenta, motar haya ta lalace da ita a hanya, ta ƙaraso da gudu ta makara da minti huɗu. Ya dubi agogo, ya dube ta, ya ce ta koma gida sai mako mai zuwa. Ta yi kuka, sauran malamai suka sa baki, ya ce jirgi ba ya jiran hawaye. Daga ranar Keziya ba ta ƙara makara ko wurin cin abinci ba. Ta gama, ta tafi Legas aiki, shekaru suka wuce.

A ƙarshen watan Agusta na 2004 'yarsa ɗaya tilo, Oby, ta kira shi daga Landan, inda take zaune da mijinta Martin. Cikinta na fari ne, jaririn kuma ya ƙi juyawa, likitoci sun ce sai an yi aiki ranar Talata ta biyu a Satumba, ƙarfe tara na safe.

"Papa, tsoro nake ji. Da Mama na nan, da ita za ta riƙe mini hannu har ƙofar ɗakin."

"Ni zan riƙe," in ji shi. "Kafin a tura ki ciki za ki gan ni tsaye a kanki. Kwantar da hankalinki."

A al'adar Ibo, in mace ta haihu uwarta ce ke zuwa ta zauna da ita, ta yi mata wankan jego, ta dafa mata farfesu mai yaji. Omugwo suke kiransa. Tunda uwa ba ta nan, Kyaftin ya ce shi zai je. Ya shiga kasuwar Sabon Gari wurin tsohuwar da Clementina ke sayen kayan yaji, ya sa aka auna masa kimba da masoro da citta da gyaɗar miya. Tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Kyaftin, namiji da zaman jego?" Ya ce wanda ya sauke jirgi a cikin hadarin Fatakwal ba tukunya ce za ta gagare shi ba. Ya bi ƙawayen matarsa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, ya rubuta yadda ake farfesun daki-daki, da lamba, kamar takardar da matuƙi ke bi kafin ya kunna inji. Ya ɗauko zannuwa biyu na marigayiyar, ya naɗe, ya sa a saman jakar da ya zuba kayan yajin.

Lokacin komawar ɗalibai makaranta ne, jirgin kamfanin da ke tashi daga Kano zuwa Landan ya cika maƙil har na mako uku. Wannan bai dame shi ba. Ya kira ofis, aka ce jamsit ɗin ranar Litinin babu kowa a kai, ya zo ya ga kyaftin. Jirgin Litinin zai isa da daddare, ya kwana, da safe ya tafi asibiti. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Dede Amaechi ne kaɗai ya ce ba ta ƙare ba. Shi ne babban wan Clementina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya haura saba'in, kuma shi ne uban dangi a Sabon Gari. Ya ce, "Surukina, ka bi ta Legas tun ranar Asabar. Ka sayi tikiti kamar kowa, ka je ka huta. Wannan tafiyar ba ta wasa ba ce."

Kyaftin ya yi dariya. "Dede, shekara talatin da ɗaya ina hawa sama, ko sau ɗaya ban tsaya a gaban kantar sayar da tikiti ba. Yanzu da furfura zan fara?"

"To," in ji tsohon. "Amma ka biyo ta nan da safe in sa maka albarka."

Ranar Litinin ƙarfe bakwai motar da ya ɗauka shata ta tsaya a ƙofar gidan Dede Amaechi. Kyaftin ya fito cikin farar riga, sanduna huɗu na zinariya a kowace kafaɗa. Dattawa uku na zaune a tsakar gida. Aka fasa goro, aka yi addu'a, sannan Dede ya buɗe kwalbar sinaf, farar barasar nan mai zafi da dattawan Ibo ke neman albarka da ita. Ya ɗiga wa ƙasa yana kiran sunayen magabata. Wannan ba sabon abu ba ne ga Kyaftin. Duk ranar da zai tashi, in aka miƙo masa ɗan kofin, yakan ɗaga shi zuwa goshi ya miƙa wa na kusa, kuma kowa ya san dalili, ba a jin haushi.

Amma ran nan da Dede ya gama da magabata sai ya sake ɗiga wa ƙasa, muryarsa ta karye. "Clementina, ƙanwata, ga mijinki zai tafi aikin da ke ya kamata ki yi. Ki raka shi. Ki tsaya wa 'yarki." Ya cika kofin, ya miƙo da hannu biyu. Kyaftin ya ɗaga zuwa goshi zai wuce da shi, tsohon ya riƙe masa wuyan hannu.

"Na yau ba nawa ba ne, surukina. Nata ne. Ba a miƙa wa wani."

Kyaftin ya dubi kofin, bai fi kurɓa biyu ba. Ya dubi agogo, bakwai da minti goma. Nan take kansa ya shiga aiki, domin kai ne mai kaifi. A takarda jirgin ƙarfe biyu na rana yake tashi. Amma wa ya san jirgin nan kamar shi? Daga Legas yake fara zuwa, kuma wata shida ke nan bai bar Kano kafin takwas na dare ba. Fasinjojinsa ma sun saba, da tabarma da kular abinci suke zuwa. Daga bakwai na safe zuwa takwas na dare awa goma sha uku ne, har da rara. Ya ɗaga kai ya shanye, ya ji zafin ya bi maƙogwaronsa, idonsa ya kawo ruwa, dattawa suka ce amin. Ba rashin sanin doka ya kai shi ba. Sanin dokar da sanin kamfanin ne suka yi masa yawa.

A hanyar Kano har waƙar coci yake yi ƙasa-ƙasa. Sha ɗaya saura suka shiga filin jirgi, yana ɗaga ido ya hango abin da bai taɓa gani da wannan lokaci ba: jirgin na nan tsaye a fili, motar mai a ƙarƙashin fiffikensa, ana ta loda kaya. Ya ce a ransa wataƙila na jiya ne bai tashi ba. Ya shiga ofishin kamfanin, manajan tashar ya taso da fara'a.

"Oga Kyaftin, ka zo a sa'a. Yau biyu daidai za mu tashi. An canja kyaftin, sabuwa ce, yau ta fara wannan hanyar. Tun asuba ta hana kowa sakat a Legas. Ga ta can ciki, ɗalibarka ce ma."

Keziya na tsaye a kan taswirar yanayi tare da mataimakinta. Ta ƙara jiki, sanduna huɗu a kafaɗarta ita ma. Tana ganinsa ta saki takardar ta rusuna har gwiwarta ta kusa taɓa ƙasa.

"Malam, sannu da zuwa. Da aka ce mini kai ne a jamsit, na ce Allah ya gama mini komai. Rana ta farko, kuma kana bayana."

Ya amsa gaisuwar. Ya ciro lasisi da takardar likita da kati ya ajiye a gabanta, ya tsaya a miƙe kamar yadda ya koya wa ɗaruruwa. "Kyaftin, ina neman izinin zama a jamsit zuwa Landan."

Ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, don ta san in ba ta duba ba zai yi faɗa. Sannan ta yi murmushi. "Saura tambayar da ka ce ko ubanmu ne mu yi masa. Malam, yaushe rabonka da barasa?"

Da wasa ta yi tambayar, har ta fara miƙo masa takardun. Shi kuwa ya san kurɓa biyu ne, ya san sun daɗe da barin jikinsa, ya san ya ci goro a kai. Babu na'urar da za a busa, babu wanda ya gani sai tsofaffi huɗu a Sabon Gari. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da hannun Oby. Ya ji kalmar ta hau kan harshensa, ya ji ɗanɗanonta, ya kasa fitar da ita.

"Yau," ya ce. "Bakwai da minti goma na safe. Ɗan kofi ɗaya, na addu'a."

Murmushin ya bar fuskarta. Mataimakin ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Keziya ta dubi agogon bango, leɓɓanta na motsi, ko da yake ba lissafi ne mai wuya ba.

"Awa bakwai ke nan lokacin tashi," ta ce a hankali.

"Na sani. Na ɗauka sai takwas za ku tashi." Sai ya yi abin da bai taɓa yi a gaban ɗalibi ba, ya sassauta murya. "Keziya, Oby ce. Gobe da tara za a yi mata aiki. Na yi mata alkawari. Jirgin nan kullum yana makara, in ya makara yau ma babu wanda zai ce uffan."

Idanunta suka ciko. "Malam, mutum ɗari biyu da sittin ne a waje, wasu da jirgin da za su kama a can. Ba zan zaunar da su awa biyar ba. Kuma ba zan ɗauke ka a haka ba." Ta ajiye takardunsa a kan tebur. "Kai ka mayar da ni gida saboda minti huɗu."

Ransa ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ya ji kamar ya daka mata tsawa ya tuna mata wanda ya fara ɗora hannunta a kan sitiyarin jirgi. Amma me zai ce? Maganarsa ce take mayar masa, ko wasali ba ta canja ba. Ya tattara takardunsa, ya juya zai fita.

"Malam, ba ni jakar," in ji ta. "Sai jibi zan juyo. Gobe da sassafe ina asibitin."

Ya ajiye jakar a kan tebur. Ta buɗe a gabansa ta duba ƙulli-ƙulli, kamar yadda doka ta ce, ta shinshina kimbar, ta ga zannuwan, ta ga takardar farfesu mai lamba ɗaya zuwa goma sha huɗu. Ta mayar ta zuge. Ya rubuta mata sunan asibitin, ya fita ba sallama.

A bakin ƙofa ya tsaya ya yi tunani na minti ɗaya, don ba mutum ne mai daɗewa a cikin jimami ba. Akwai jirgin Legas ƙarfe biyar. Daga Legas akwai na wani kamfanin waje da ke kwana a hanya ya sauka Landan da asuba. A cikinsu babu wanda zai ba shi jamsit. Ya sa hannu ya zare sandunan kafaɗarsa, dama da hagu, ya zuba a aljihu, ya nufi kantar tikiti.

Matar da ke sayar da tikiti ta san shi shekara da shekaru. Da ya ce tikiti yake so, ta yi dariya ta ce Kyaftin ya cika barkwanci. Sai da ta ga fuskarsa ta daina. Abin kunya, bai ma san yadda ake yi ba, sai da ta nuna masa inda zai sa hannu. Ta buga waya Legas, aka yi ta nema, da ƙyar aka samo kujera ɗaya da wani ya fasa. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai sayi ko ɗaya ba, ran nan biyu ya saya. Yana jiran jirgin Legas ya ji rurin injuna, ya leƙa ta gilashi, ya ga jirgin Landan ya ɗaga hanci ya hau sama sumul. Ko bai so ba, sai da ya ce a ransa tashin ya yi kyau.

A jirgin Legas kujerar tsakiya aka ba shi. Hadarin ƙarshen damina ya haɗu a kudu, suna tashi jirgin ya fara rawa. Kyaftin ya san kowace ƙara, ya san abin da matuƙan ke yi a gaba, amma ba ya ganin komai sai ƙeyar mutumin da ke gabansa. Bai taɓa sanin haka abin yake daga baya ba: a ɗaure ka, a rufe ƙofa, a yi ta jijjiga ka, ba mai ce maka ga dalili. Matar da ke gefen taga, wata 'yar kasuwa mai kimanin shekarun Clementina, ta runtse ido tana addu'a. Da jirgin ya yi wata faɗawa sai ta damƙe hannun rigarsa.

"Kada ki damu, Madam," ya ce. "Iska ce kawai, kamar gargada a hanyar mota. Wannan ƙarar kuma fiffike ne ake gyara wa zama. Nan da minti biyar za mu fita daga gajimaren."

Haka ya yi ta gaya mata abin da zai faru kafin ya faru, har numfashinta ya daidaita. Da suka fito sarari ta saki rigar, ta ba shi haƙuri, ta tambaye shi aikinsa. Ya faɗa mata.

"Ai shi ya sa," in ji ta. "Matarka ta huta. Ita kam ba ta san tsoron jirgi ba, tana da kai a gefe."

Carbin nan ne ya faɗo masa a rai, yadda Clementina ke naɗe shi a hannu tun daga gida, da yadda takan sauko daga jirgi shiru, tafin hannunta da shatin ƙwayoyinsa. Shi duk zamansu ya ɗauka yawan ibada ne. Baƙin ciki ya taso masa, ya juya fuska wajen hanya don kada matar ta gani.

Jirgin da ya hau daga Legas ya sauka Landan shida da rabi na safe, lokaci isasshe ga wanda ya saba bi ta ƙofar ma'aikata. Amma fasinja ba ya bi ta nan. Ya shiga layin duba fasfo tare da jama'ar jirage huɗu, ya yi kusan awa biyu yana matsawa taku-taku, yana duban agogo. Da ya iso asibitin, ya haura benen da gudun da gwiwoyinsa suka yarda, tara ta wuce da minti ashirin da biyar.

Keziya ce zaune a kan kujerar roba a bakin wata rufaffiyar ƙofa, cikin kayan gida, jakar a kan cinyarta. Ta miƙe.

"Sun shiga da ita, Malam. Martin na ciki. Na shimfiɗa mata zanen Mama a kan gadon, na riƙe hannunta har nan. Na ce mata kana hanya."

Ya zauna a kujerar da ke kusa, ya rufe fuska da tafukansa. Ya yi alkawari, ya saɓa, kuma babu wanda zai ɗora wa laifin. Can ya ɗago.

"Ƙarfe nawa kika bar ƙasa?"

"Biyu saura minti ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Na gani. Tashin ya yi kyau, Kyaftin." Ita ce kalmar yabo ta farko da ta taɓa ji daga bakinsa, sai ta juya baya tana neman hankici.

Mace aka haifa, lafiyayya, mai ƙarar murya. Sai wajen azahar aka bar shi ya shiga. Oby na kwance, fuskarta ta faɗa, zanen uwarta a ƙarƙashin kanta, jaririyar a ƙirjinta. Ya tsaya a ƙarshen gadon kamar mai neman izini.

"Ban zo a kan lokaci ba, 'yata. Laifina ne. Ki yafe mini."

"Anti Keziya ta faɗa mini komai." Ta dube shi da kyau, ta ga kafaɗunsa babu sanduna. "To ta yaya ka zo?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun tikitin, ya miƙa mata. Ta karanta sunansa a jiki, da lambar kujera, arba'in da bakwai, ta tsakiya. Dariya ta kama ta, ta dafe cikinta saboda ɗinkin, tana cewa ya daina ba ta dariya alhali bai ce komai ba. Sai dariyar ta koma kuka.

"Papa, ka san Mama ba ta iya barci kwana biyu kafin kowace tafiya? Ta ce kada in faɗa maka. Ta ce kana jin daɗin zama a gaba, ba za ta raba ka da shi ba. Burinta kawai wata rana ka zauna kusa da ita, ko sau ɗaya."

"Jiya na sani," ya ce. "Jiya kawai."

Akwai kujera a can jikin bango, inda masu ziyara ke zama. Ya ɗauko ta ya kawo dab da gadon, ya zauna, ya kama hannun Oby da ba ya riƙe da jaririyar. Bai saki ba har ta yi barci, bai kuma tashi ba sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.

Wata biyu ya yi a Landan yana bin takardarsa daga lamba ɗaya zuwa goma sha huɗu, kuma Martin ya shaida farfesun ya ciwu, in ban da na ranar farko. Da ya dawo Zariya ya ci gaba da koyarwa, zafin ransa na nan, gugar rigarsa na nan, sai dai maganar tikiti ce ba a ƙara ji a bakinsa ba. Da Oby ta kawo 'yarta, ƙaramar Clementina, gida a shekarar da ta biyo, har Legas ya je tarbarsu. Kyaftin ɗin jirgin Kano tsohon ɗalibinsa ne, ya aiko a ce wa Malam jamsit na nan babu kowa. Ya ce a yi masa godiya, yana da kujera.